Idon Hagun Kaka Yamusa

Paikon Kore,
Satumba.

Zuwa ga amaryata Rita,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da aikin ofis da wancan yaron Dominic da ya ƙwace mini ke ina ji ina gani. Ki gaya masa ban yafe ba, amma na ci kifin da ya aiko. Felicity mai kai doya kasuwar Gudu za ta miƙa miki takardar nan. Kada ki kira ni a waya kan abin da ke ciki. Kin san kunnena da waya ba sa shiri, kuma akwai maganar da tsoho ba ya son faɗa da ƙarfi a tsakar gida.

Kin san al'adar gidanmu. Tun zamanin babana ba a fitar da 'ya daga gidan nan sai an cika gora da dawa, an rataye shi a reshen ɗorawar ƙofar gida, dattijon gidan ya tsaya ya fasa shi da kibiya ɗaya. Amarya ta je ta kwashi dawar da ta zube, ta tafi da ita ɗakin mijinta. Ni na fasa wa uwarki Margaret, na fasa wa ƙannenta, ban taɓa neman kibiya ta biyu ba.

To, Rita, hannun ya tafi. Da aka sa bikinki a Disamba na sauko da baka, na rataye wani tsohon gora don in gwada. Kibiya ta farko ta bi hagu ta shige rumbun ƙanena Obadiah. Ta biyu ma hagu. Ta ukun ba zan faɗa miki ba, amma har yau akuyar Obadiah ba ta bi ta wurin. Na je asibiti a Gwagwalada, likita ya haska idanuna ya ce lafiyarsu lau, wai har sun fi nasa. Wuyana ne kawai ya sandare tun farkon damina, shi kuwa wuya ba shi ke harbi ba.

Don haka na yanke shawara Obadiah ne zai harba. Ya riga ya fara tafiya kamar wanda aka naɗa wa rawani. Abin ya ci mini rai ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba, amma gara ɓacin raina da in kunyata ki gaban dangin miji. Bakan kuma naki ne bayan biki. Tunda kina zuwa wajen 'yan wasan harbi ran Asabar, ki rataye shi a bango ya zama ado.

Kakanki, kuma mijinki na fari,
Yamusa.

*

Gudu, Abuja,
Satumba.

Kaka, angona na ainihi,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Baba Obadiah da akuyarsa, Allah ya ba ta haƙuri. Na karanta wasiƙarka a tsaye cikin kasuwa, sai da Inna Felicity ta ce in matsa na tare mata masu saye. Amsata gajeriya ce: ban yarda ba. Kai ka harba wa Mama, kai za ka harba mini.

Ran Juma'a na je Kubwa wurin Mama, na ciro hoton bikinta daga bango, wanda kake tsaye ka ja baka. Washegari na kai shi filin wasanmu don in yi wa Koci Halimat, mai koya mana harbi, taƙama da kakana. Tana kallonsa ta kwashe da dariya, ta ce, “Rita, ke dubi wuyan bawan Allahn nan!” Na duba. Kaka, kanka ya kwanta gaba ɗaya a kan tsirkiya, kamar mai leƙen rijiya. Sai na tuna ai a gari Yamusa Mai Leƙe ake ce maka, mu kuma muna ɗauka salo ne.

Ga abin da ta bayyana mini. Yadda mutum yake da hannun da ya fi ƙarfi, haka yake da ido ɗaya da ke jagorancin ɗan'uwansa. Yawanci a ɓangare ɗaya suke, amma a wasu mutanen sun saɓa. Kai da dama kake jan tsirkiya, amma idonka na hagu ne mai saiti. Duk shekarun nan kana karya wuya ne don ka kawo idon hagu kan kibiya, ba tare da ka sani ba. Yanzu da wuyan ya ƙi lanƙwasuwa, ido yana gefe, kibiya tana gefe, dole ta bi hagu ta sami rumbu.

Kada ka yarda da ni, gwada da kanka. Ka miƙe hannuwanka biyu, ka haɗa tafukan ka bar ɗan ƙaramin rami a tsakani. Ka kalli goran ta cikin ramin, idanu biyu a buɗe. Sannan ka jawo hannuwan a hankali zuwa fuskarka, kada goran ya ɓace maka. Idon da ramin ya sauka a kansa, shi ne ogan.

In hagu ne, maganin shi ne ka juya: baka a dama, tsirkiya a hagu, kai a miƙe. Bakunan kulob ɗinmu kowanne da ɓangarensa, amma naka sanda ce da tsirkiya, bai san dama da hagu ba.

Abin da ya fi ba ni kunya, ni ma haka nake. Bara Koci ta juya ni zuwa hagu. Ashe gadonka na ci, na yi ta kallon hoton nan tun ina yarinya ban gane ba.

Jikarka mai taurin kai,
Rita.

*

Paikon Kore,
Oktoba.

Rita,

Ina gaishe ki, ko da yake kin jawo mini abin magana. Na yi gwajin naki a bayan gida don kada a gan ni. Ramin ya sauka a idon hagu. Na ce ƙarya ne, na sake, ya sake zuwa hagu. Na yi niyyar in kai shi dama da gangan, sai goran ya ɓace. Na zauna a kan turmi na yi dariya har hawaye. Mutum ya tsufa da ido a fuskarsa bai san wane ne mai gida a cikinsu ba!

Felicity ta leƙo ta katanga ta gan ni. Kin san bakinta. Ran Lahadi bayan sujada, in kin ga harabar coci sai ki ce duk jama'a addu'a suke da sabon salo, kowa hannu a fuska yana leƙen ƙararrawa. Har Fasto ya gwada, shi dama ne, ya ce ya gode wa Allah.

Wannan ke nan na daɗi. Na juya kamar yadda kika ce, kuma Rita, hannun hagu baƙo ne. Ba ya iya kai tsirkiya bakin kunne, yatsun ba su san lokacin saki ba. Kibiya ta daina bin hagu, gaskiya ne, yanzu ƙasa take bi, tana faɗuwa a gabana kamar ta gaji. Tsirkiya ta zane mini hannun dama har ya kumbura.

Ga kuma Obadiah. Yana bi gida-gida yana cewa ba a miƙa wa mutum ko ruwa da hagu, balle albarkar aure. Wai in na sallame ki da hagu, dangin Dominic za su ce mun wulaƙanta ki. Na so in ce kishi ne, amma maganar ta shige ni. Uwata ta sha buge mini wannan hannun in na kai shi akushi. Obadiah ya kira taron gida ƙarshen wata. Ina ganin a bar masa kawai, mu huta.

Allah ya kiyaye ki,
Yamusa.

*

Gudu,
Oktoba.

Kaka,

Barka da wahala, sannu da hannu. A cikin ledar nan akwai abu biyu. Fatar ka ɗaura a hannun dama don tsirkiya ta daina dukanka. Robar kuma ta tayar keke ce, Dominic ya yanko. Koci ta ce ka riƙa janta da hagu safe da yamma kafin ka taɓa baka, kuma ka fara harbi daga kusa, inda ko makaho zai samu, sannan ka riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan.

Lokacin da aka juya ni, yara 'yan firamare sun fi ni harbi. Na yi kuka a cikin motar haya, na ce na bari. Koci ta ce mini hannu yana koyon sabon aiki, ido ne ba ya sauya ra'ayi. Ban so maganar ba a lokacin, amma haka ta kasance.

Maganar Baba Obadiah ba ni da amsarta, ku ne manya. Abin da na sani shi ne, ba goran nake so ba. In ka harba ka kuskure, zan je in tsinto kibiyar da kaina, in kawo maka, ka sake, har rana ta faɗi. Dominic ya ce zai riƙe mini takalmi. Ina son in tsaya a bayanka ranar nan, Kaka, kamar yadda Mama ta tsaya. Shi ke nan roƙona.

Taka har kullum,
Rita.

*

Paikon Kore,
Nuwamba.

Amaryata,

Gaisuwa da murna. Ki zauna kafin ki karanta, kada ki sake tare wa Felicity masu saye.

An yi taro a gindin ɗorawa, maza da mata. Obadiah ya yi jawabi mai tsawo kan hannun hagu, har da misalai. Ni ban shirya komai ba, wallahi na zo ne in miƙa wuya, ga shi wuyan ma ba ya miƙuwa. Na ɗauko bakan babanmu na ce, “To, karɓi, nuna wa jama'a yadda za ka yi ranar.” Ya karɓa, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga baka sama yana hura hanci.

Ina kallonsa sai abin ya faɗo mini. Na ce, “Obadiah, da wane hannu ka riƙe bakan Baba?” Ya dubi hannunsa. Kowa ya dubi hannunsa. Hagu ne! Na ce, “Haka Baba ya riƙe shi, haka na riƙe shi a bikin kowace 'ya a gidan nan, ba wanda ya ce an wulaƙanta ta. Rita ce ta farko da za a ɗaga wa bakan nan da hannun dama. In akwai wadda aka girmama, ita ce.”

Felicity ta rangaɗa guɗa, wuri ya kaure da dariya. Obadiah ya yi ta juya bakan daga wannan hannu zuwa wancan. A ƙarshe shi ma ya yi dariya, ya ce, “Kai dai tun muna yara ba a cin ka da baki.” Yanzu shi ke tsinto mini kibiyoyi kowace safiya, ya ce gara ya tsaya kusa ya kare rumbunsa.

Kada ki yi murna da yawa. Robar ta yi aiki, kibiya tana tafiya sak inda nake kallo, abin da ban taɓa ji ba ba tare da ciwon wuya ba. Amma daga inda babana yake tsayawa, wata rana in samu, wata rana in kuskure. Ina jin tsoro, Rita. Amma zan tsaya.

Sai kun zo,
Yamusa.

*

Gudu,
Janairu.

Kaka, gwanina,

Ina gaishe ka daga ɗakina, ni da ɓarawon matarka. Ranar biki hayaniya ba ta bar ni na gaya maka abin da na gani daga bayanka ba. Da ka ja tsirkiya, ni na riga na cire takalmi ɗaya don in je tsinto kibiya. Sai na ga kanka a miƙe, karo na farko a rayuwata. Ban ji sakin ba, ƙarar goran kawai na ji, da dawa tana zuba kamar ruwan sama a kan kwano. Wanda ya fara tsalle kuwa Baba Obadiah ne, har hularsa ta faɗi.

Na tuƙa tuwo da rabin dawar, rabin na ajiye iri. Mama ta rataye sabon hoton kusa da tsohon. Koci Halimat ta roƙi ɗaya, wai za ta riƙa nuna wa masu cewa sun tsufa da juyawa.

Na buga ƙusa a bangon falo. Inna Felicity za ta iya taho mini da bakan?

Jikarka mai godiya,
Rita.

*

Paikon Kore,
Janairu.

Rita,

Na gode, Allah ya ba ku zaman lafiya. Ga doya nan da daddawa wurin Felicity.

Baka kam ba zai zo ba. Juliet, jikar Obadiah, ta kawo saurayi, an sa rana bayan girbi. Obadiah da kansa ya zo ya durƙusa ya ce ni zan harba.

Ki rataye kalanda a ƙusar.

Kakanki bahago,
Yamusa.