Hanyar Kwarin Maje

Tambuwal, 6 ga Rabi'us Sani

Zuwa ga taubashina Bube, bawana tun ran suna,

Sallama da gaisuwa mai yawa, wadda ba ka cancanta ba amma zumunta ta tilasta ni. Ina fata kana lafiya, kai da Kawu Ɗangiwa da Inna Yelwa da yara duka. Yaya ƙafar Kawu? Mu nan sai godiya. Innata tana gaida wanta, tana tambaya ko har yanzu kai ne mai cinye ƙanzon gidan.

Bayan haka, aje dariya gefe, yau magana gare ni. Akwai wani sabon malamin makarantar boko da anka kawo garin nan bana, Malam Sama'ilu. Ya iske ni rumfata ina ɗinkin takalmi, yac ce an gaya mashi babu wanda yas san hanyar daji tsakanin Tambuwal da Kebbe kamata. Wai shina son in kaka ta yi, ruwa ya ɗauke, mu taka da ƙafa mu bi ta kwazazzabai, kwana uku, har mu ɓulla Kebbe. Nit tambaye shi wa za shi gaidawa can. Babu kowa. Fatauci? A'a. Farauta? Ko baka bai da shi. Nic ce to mi za mu yi, yac ce kallo.

Kallo, Bube. Mutum da albashinshi, ga motar kasuwa tana zuwa, shi ce za shi kwana uku cikin ƙaya don shi kalli jan dutse. Ni da nika shirya ƙarya tun ina da haƙoran nono, ban taɓa fitar da wadda ba ta nuna ba irin wagga.

Ka san abin da yat tsaya mani a rai. Hanyar da shika so ta ratsa gandun dajin En'e, ta bi ta Kwarin Maje, inda Kawu yas sare gona shekara uku da sunka wuce, bayan muguwar ciyawar nan ƙuduji ta cinye ta gida. Ni da kai mun san doka ta hana noma cikin gandu. Mun kuma san dawar kwarin nan ita ka ciyar da baki goma sha ɗaya a gidanku. Ran da hukuma tag gan ta, an gama.

Mutumin nan yana da taswira mai ninki takwas, da madubin hangen nesa, da ɗan littafi da ba ya rabuwa da aljihunshi. Sau biyu yana tambayata ko gaskiya ne akwai idon ruwa a gindin kwarin wanda ba ya ƙafewa har bazara. Wa yag gaya mashi? Tun da anka samu mulkin kai 'yan boko sunka yi yawa, kowa da takarda a hannu, ba ka gane mai koyar da yara da wanda anka aiko shi auna ƙasa.

Na ce mashi to. In na ƙi, wani za shi ɗauka, wanin kuwa har bakin gonar za shi kai shi. Gara akalar tana hannuna. Ka gaya ma Kawu shi rage hayaƙi a bukkar tsaro.

Ka huta lafiya, in mai kai irin naka yana hutawa.

Ubangidanka,
Namadi

Af, na kusa mancewa. Wagga wasiƙa ba ta zaure ba ce. Kai kaɗai, in ka gama ka ƙone ta.

Tambuwal, 21 ga Rabi'us Sani

Zuwa ga Bube,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da mutanen gida. Yaya tsaron tsuntsu? Ɗan'iya mai jakai yac ce bai same ka gari ba, kana daji, amma ya bar saƙona inda ya saba. Ban ga amsa ba. Na san rubutu yana yi maka wuya, kada ka gaggauta, ka gama harafi ɗaya kafin sanyi.

Shiri ya yi nisa. Malam Sama'ilu ya zo da jerin kaya a rubuce: gora biyu kowa, ƙuli-ƙuli, garin fura, tabarma, igiya, ashana. Na ɗinka mashi takalmi mai tafin taya, na yi niyyar in matse shi kaɗan a ɗan yatsa don mu juyo tun ranar farko, sai hannuna yaƙ ƙi ɓata aiki. Mun sa rana, bayan an yanke gero, kafin a taɓa dawa.

Na gwada shi ta ko'ina. Nic ce mashi a Kwarin Maje akwai mesa da ta haɗiye ɗan maraƙi har da ƙararrawa, ana jin ƙarar in tana tafiya. Nic ce akwai wata tsohuwa mai ƙafar jaki da ke tambayar matafiya gishiri. Ka san wagga ta sa Sama'ilun wanzami ya yi wata bai fita bayan gari shi kaɗai ba. Wanga Sama'ilun fa? Yaz zaro littafi yar rubuta, yana murmushi, yac ce in ƙara mashi wata. Mai tsoron Allah yakan ji tsoron iskoki ko da kaɗan ne. Wanda bai ji ba, akwai wanda yat tsaya mashi.

Sai na canza dabara. Na zana mashi hanya a ƙasa, wadda za ta bi ta tudun yamma, ta bar kwarin nesa da rabin yini. Nic ce can ne duwatsu masu kyau suke, ja da fari, an jera su awa buhuna. Yad daɗe yana duban taswirarshi, kana yac ce duk tafiyar don kwarin ne. Wai ubanshi ya yi fatauci ta nan zamanin jakai, yakan ba shi labarin wani kwazazzabo mai bango ja, tsawon rimi biyu, da ruwa mai sanyi a gindi, inda ayari kan yini. Uban ya rasu bara, shi kuwa a birni yat tashi, bai taɓa ganin wurin ba. Yana faɗa idonshi na ƙyalli. Labari ne mai kyau, Bube. Da ni ne ɗan leƙen asiri, haka zan shirya shi, har da ƙyallin idon.

Ga wadda tat tayar mani da hankali. Shekaranjiya na gan shi yana fitowa daga ofishin masu kula da daji, da takarda mai hatimi. Bai ɓoye ba, shi da kanshi yak kawo mani ita, wai izinin shiga gandu ne, kada a kama mu. Wa yat taɓa neman izini don shi taka ƙasar Allah? Na juya takardar sama da ƙasa, boko ce, ban san mi tac ce ba.

Dabarata ta ƙarshe ita ce ruwa. Rana ta biyu zan tsiyaye gora ɗaya a ɓoye, in ce dole mu karkata rijiyar Fulani ta yamma. Daga can in ɓatar da hanya har mu tsinci kanmu Kebbe ta bayan kasuwa. In ya yi fushi ya yi.

A gaida Kawu, a ce mashi ɗan ƙanwarshi bai barci a kan maganar nan.

Naka, ko ka so ko ka ƙi,
Namadi

Tambuwal, 9 ga Jimada Ula

Bube,

Sallama. Ina fata jikinku lafiya, tun da hankali kam na san babu.

Takardarka ta iso. Da farko na ɗauka ramuwa ce kake yi, ta kunamar roba da nis sa maka a hula, har na fara dariya. Sai nig ga ka rantse da kabarin kakanmu, abin da ba mu taɓa sa shi cikin wasa ba. Ka ce Ɗanmaliki malamin daji ya sauka kwarin, ya zagaya gonar yana ƙirga taki, ya ce Kawu shi jira sammaci.

Ban ƙarasa karantawa ba nit tashi. Na iske Malam Sama'ilu ƙofar masallaci an fito la'asar, cikin mutane. Ban rage mashi komi ba. Na kira shi ɗan leƙen asiri, maci amana, wanda yas sha ruwan rumfata yat tafi yas sayar da gonar kawuna ta Kwarin Maje. Na jefa mashi jerin kayanshi a ƙafa. Bai ɗaga murya ba. Yad dube ni, yac ce:

"Namadi, wallahi ban san akwai gona a kwarin nan ba sai yanzu da kaf faɗa."

Ka ji iya shiri? Har ya so shi sa ni shakka. Liman ya kama hannuna yaj janye ni, mutane na kallo. Tun ranar iyaye uku sun cire 'ya'yansu daga ajinshi, a kasuwa kuma ana nuna shi da baki. Ban ji tausayi ba. Tafiya dai ta mutu.

Abu ɗaya nika son ka bincika mani. Yaushe takardar tsegumin da yat tura tak kai Kebbe, kuma ta hannun wa? Ina son in san ranar, in tsare shi da ita gaban Liman.

Allah shi rufa asiri.

Namadi

Tambuwal, 19 ga Jimada Ula

Zuwa ga ɗan'uwana Bube,

Sallama da gaisuwa. Ina tambayar lafiyar Kawu da ta Inna Yelwa, in har zan iya tambaya. Yau babu laƙabi, ban da bakinshi.

Na karanta amsarka sau huɗu. Ka ce babu wata takardar Malam Sama'ilu da taz zo Kebbe. Wadda taz zo tawa ce, ta farko. Ɗan'iya ya aje ta zauren Malam Atu mai karanta ma mutane wasiƙu, kamar kullum, kai kana daji wajen tsuntsu. Malam Atu kuwa ya san wasiƙar Namadi ta kowa ce, shekara nawa ana taruwa a sha dariya da ita, ni ma ina alfahari da hakan. Ya warware ta, ya karanta ma zaure da ƙarfi, layi bayan layi. Da yak kai kan gonar an ɗauka sabuwar ƙaryata ce, ana ta ƙyaƙyatawa. Da yak kai ƙasa, inda nic ce ba ta zaure ba ce, wai har da masu riƙe ciki. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Ɗanmaliki, da yaz zauna shan inuwa. Shi aikinshi yay yi.

Gargaɗin da ya kamata shi zo bayan bisimilla, na sa shi bayan sa hannu, awa mai kulle ƙofa bayan ya kwashe kayan ɗaki waje da kanshi. Wata ɗaya da rabi ina tsaron baƙo, ina auna murmushinshi, ban taɓa duban alƙalamina ba.

Na tafi wurin Malam Sama'ilu. Na same shi yana share aji, yara bakwai sunka rage mashi. Na durƙusa, na faɗa mashi duka, har da maganar tsiyaye gora. Ya aje tsintsiya. Kana yac ce ya yafe, amma ba a nan anka zage shi ba. Na gane. Ran Juma'a na miƙe ƙofar masallaci na maimaita neman gafara gaban jama'a. Wahalar ita ce rabin mutanen suna jira su ji inda wasan zai ɓullo. Sai da Liman yas sa baki sunka yarda da gaske nake. Yara biyu sun koma, ɗayan uban yac ce sai ya gani.

Malam ya rubuta ma ofishin daji roƙo da boko, ya karanta mani kalma kalma, wannan karon na saurara. Amsa ta zo jiya. Babu tara, babu ɗauri, an bar Kawu shi girbe dawar bana. Bayan girbi za a kafa turakun iyaka, gonar ta koma daji. Iyakar abin da anka samu ke nan. Na tambaya ko akwai wata ƙofa, anka ce babu.

Mun yi magana da Innata har ta yi kuka. Gonar da Baba yab bar mani ta hanyar Jabo, ni ba noma ta nika yi ba, aro nika bayarwa. Ba ta kai ta kwari albarka ba, ba ta da ruwa, kuma nesa take da ku. Amma ba ta da ƙuduji. Ta Kawu ce in zai karɓa, ba aro ba.

Za mu taso ran Asabar da ƙafa, ni da Malam. Izininshi bai ƙare ba, ya kuma sayi lauje, ko da yake riƙon da shika yi mashi abin tausayi ne. Ta kwarin za mu bi, babu kwana-kwana. Shi ga bangon da ubanshi yab ba shi labari, ni in yanke dawa har a ɗaure damin ƙarshe. In Allah ya so Litinin da hantsi muna gindin ruwan.

Ka ce Kawu bai ce komi ba tun ranar, ko zagi. Da ya aiko da zagi da na samu barci. Ka dubi fuskarshi in ya idar da sallar asuba, in ka ga da dama, ka tambaye shi: in fara zuwa gida in durƙusa, ko in tsaya gona in yi ta yanka har shi aiko a kira ni? Duk wadda yaz zaɓa, ka same ni bakin kwarin ka gaya mani da baki.

Allah shi haɗa fuskokinmu da alheri.

Ɗan'uwanka,
Namadi