Mutumin da Na Tausaya Wa

Lahadi da dare, Enugu

Har yanzu kaina bai daidaita ba. Yau na rufe rumfar albasata a kasuwar Ogbete da wuri, na kai Hafsat sinima, don tun da muka yi aure take roƙona. Ita haifaffiyar nan ce, ta saba. Ni kuwa gidan kallon garinmu na sani, inda kowa ke faɗa wa jarumi abin da zai yi.

Fim ɗin na wani ɗan sanda ne da ke neman wanda ya kashe matarsa. Na tausaya masa ƙwarai. Da na hango mutum laɓe a bayansa, sai kawai na ji bakina ya ce, "Waiwaya, yana bayanka!" Wata mata ta juyo ta harare ni, Hafsat ta nutse a kujera. Ashe a nan tsit ake yi kamar ana huɗuba.

Na fita sallar Magariba, ban fi minti goma ba. Ina dawowa na tarar an sa wa ɗan sandan ankwa. Wai shi ya kashe ta. To, kukan da ya yi a kabarinta fa? Wanda ya laɓe kuma wane ne?

A Keke Napep, kan hanyar gida, na tambayi Hafsat. Ta ce, "Malam, yayan marigayiyar ne, shi ya gano gaskiya. Duk cikin mutanen nan kai kaɗai ka tsaya wa mai kisan."

Ita ta yi barcinta. Abin da ya hana ni runtsawa shi ne, har yanzu tausayin mutumin nake ji.