Cokalin Auta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara.

Har yau ina tuna ranar da maigida ya turo ƙanwarsa Auta a keken guragu cikin falonmu, bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ina kwance da littafi a ƙirji, ya ce daga yau nan ne gidanta. Budurwa ce, amma hannayenta ba sa yi mata biyayya, maganarta kuma sai wanda ya saba. Ni nake ba ta abinci, kuma Auta ba ta san sauri ba. Sai in jingina littafin soyayyata da butar shayi ina karanta mana. In saurayin labarin ya yi wauta, ta dantse cokali ta harare ni kamar ni na rubuta.

Jiya maigida ya kawo shawarar a saka mata bututu a ciki, a riƙa zuba abincin, in huta. Likita ya ce haɗiyarta lafiya lau, ba ta rame ba. In an yi, don mu aka yi. Maigida ya ce tunda bayana ne ke ciwo, ni zan yanke hukunci. Me kika gani?

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki

Sarauniyar mafarki,

Muna lafiya. Ke da ko kofin da kika sha ruwa ba kya ɗaukewa, yau ke ce mai jinya! Ga juna biyu kina ɗauke da shi. In jariri ya zo, da wane hannun za ki riƙe cokali? Da ni ce, da tuni na amince. Sai dai na ji ta bakin likita, na ji ta bakin mijinki. Mai cin abincin fa, an tambaye ta?

Ki gaida maigidan.
Yayarki

Yaya,

Na gode, Allah ya bar zumunci. Na tambaye ta, ban ɓoye mata komai ba. Ta daɗe tana haɗa kalmomin, sannan ta tambaya ko za ta riƙa jin ɗanɗanon ayaba. Na ce ba ta bututu ba. Ta kalli cikina, ta ce, “In kin gaji, a yi.”

Na gaji ɗin kuwa, amma kujera mai jingina nake bukata. Maigida ya sayo, ya kuma karɓi ciyarwar yamma. Rabi a baki, rabi a riga, Auta na ta yi masa dariya.

Na gaya wa likita ba za a saka ba.

Wassalam.
Ƙanwarki