Ɗaki a Hawa na Huɗu

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Ya aikin asibiti, ya ƙarin haƙurinmu? Mu nan lafiya lau, tagwaye suna gaishe ki.

Na ga kiranki har sau huɗu. Ba fushi nake ba. In na ɗauki waya sai in rasa abin faɗi, ki yi ta cewa "Yaya, kina ji na?" Shi ya sa na koma ga takarda.

Wata biyu ke nan da rasuwar Mama. Na wanke ɗakinta, na ba da kekenta na guragu da gadon ga wata maƙwabciya da mijinta ya kwanta. Mutane suna ta yaba dauriyata. Ni dai ban san ko dauriya ba ce. Ban yi kuka ba, kuma ba riƙe shi nake ba. Ina girki, ina shara, ina amsa gaisuwa, kamar wadda aka aika.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, Yayanki, maigidana, ya ɗauki hutun kwana biyar a wurin aiki, wai mu tafi babban birni mu biyu kawai, yara su zauna wurin gwaggonsu. Kin tuna tafiyar da muka shirya bayan aurenmu, saura sati ɗaya ɓarin jikin Mama ya shanye? To, ita ce yake so a yi yanzu, bayan shekara goma sha ɗaya. Ya ce ni zan zaɓi unguwa da otal. Ya ajiye min wayarsa da hotunan wurare uku, ya fita.

Na farko yana bakin kogi, unguwar masu hali, bishiyoyi a jere, ɗakin fari fat. Na biyu a tsakiyar gari, dogon bene na gilashi kusa da tashar jirgin ƙasa. Na uku a tsohon gari, wani ƙaramin gida a cikin lungu, bangonsa har ya fara ɓarewa. Na kalle su kamar yadda nake kallon takardar magani. Babu wanda ya ba ni sha'awa, babu wanda na ƙi.

Jiya na kira na tsakiyar gari. Na tambayi yarinyar da ke karɓar baƙi ko akwai lif, ta ce akwai biyu. Na tambayi faɗin ƙofar banɗaki, ko akwai ƙarfen dafawa, ko daɓen yana santsi in ya jiƙe, ko akwai kantin magani kusa. Ta amsa duka cikin ladabi, sannan ta ce in gaya mata irin lalurar mara lafiyar don su shirya. Na ce mata babu mara lafiya. Na yi godiya na kashe.

Ki gaishe da kowa. Takalmin da kika aiko wa tagwaye ya yi musu daidai.

Yayarki,
Doguwa

Zuwa ga Auta,

Sallama da fatan alheri. Na sami saƙonki, na ji daɗi da ƙaramar ta warke daga tarin. Ki riƙa rufe mata ƙirji.

Kin ce in zaɓi bakin kogi, wai can masoya suke zuwa. Kin ba ni dariya, ko in ce na san abin dariya ne. Ni da Yayanki mun iya ɗaga mutum daga gado ba tare da mun yi magana ba, shi kafaɗa, ni ƙugu. Mun iya canza zanin gado da mutum a kai. Ban san ko mun iya zama a gaban ruwa muna kallon juna ba.

Da farko na ce masa na tsakiyar gari. Ya buɗe taswira ya daɗe yana dubawa, sai na ga abin da ya gani: babban asibiti ne a tsallaken titi. Wallahi ban lura ba, ko kuwa na lura ban san na lura ba. Ya rufe taswirar. Washegari da safe, yana ɗaura agogo zai tafi aiki, ya ce abu ɗaya yake roƙo, kada tagarmu ta kalli asibiti.

Daga nan ya ƙara wata maganar, yana kallon igiyar takalminsa. Ya ce in mun dawo na ga ba na iya zaman gidan nan, ko ba na iya zama da shi, in tafi wurinki in huta iya yadda nake so, ba zai riƙe ni ba. Ya ce ya lura tun rasuwar Mama ina kallonsa kamar abokin aikin da aikinsu ya ƙare.

Auta, ya kamata in ji tsoro, ko in ji haushi. Na tsaya ina jira in ji ɗaya daga ciki. Abin da na ce masa kawai, ya manta kwanon abincinsa a kan tebur.

Bayan ya fita na kira na tsohon gari. Wata dattijuwa ce ta ɗauka, ina jin ƙarar guduma a bayanta. Ban tambaye ta komai ba ta fara: ɗaki ɗaya ya rage, a hawa na huɗu, babu lif, matakalar ƙunci gare ta, mota ba ta shiga lungun, sai mu ɗauko jakarmu da hannu daga bakin titi. Ta ce maƙwabtanta kafintoci ne, suna fara aiki da wuri, in mai son shiru ce ni in nemi wani wuri. Ta ce, "In kuna da gwiwa, ku zo."

Na ce ta riƙe mana.

Zan gaya miki dalili, kada ki gaya wa kowa. Tana magana ina lissafin cewa Mama ba za ta taɓa iya hawa wurin nan ba, ko mu biyu muka ɗauke ta. Shi ya sa na zaɓe shi. Na san wannan ba tunanin ’yar kirki ba ne. Na sa shi a gabana na kalla, ban ji kunyar da nake tsammani ba.

Ranar Litinin za mu tashi. Ki sa mu a addu'a.

Yayarki,
Doguwa

Auta ƙanwata,

Gaisuwa daga hawa na huɗu. Ina fata kowa lafiya. Mun iso lafiya, na yi waya da tagwaye, gwaggonsu ta ce ko nemanmu ba sa yi.

Dattijuwar ba ta yi ƙarya ba. Matakala hamsin da takwas, Yayanki ya tsaya sau biyu yana haki. Ɗakin ƙarami ne, gado ɗaya, kujera ɗaya, famfon yana tari kafin ya kawo ruwa. Taga tana kallon rufin gidaje da igiyoyin shanya. A ƙasa akwai kafintoci uku, da mai gyaran takalmi, da wani shagon tsofaffin littattafai da mai shi yake barci a bakin ƙofa. Ƙamshin katako har cikin ɗaki.

Ranar farko ba ta yi kyau ba. Ya zauna a kujera, na zauna a bakin gado. Muka yi maganar hanya, muka yi maganar yara, magana ta ƙare. Ƙarfe biyu na rana ƙararrawar wayata ta kaɗa, ta maganin Mama, ban taɓa cire ta ba. Mu biyun muka miƙe tsaye a tare. Muka tsaya haka a tsakiyar ɗaki, babu inda za mu je. Shi ya karɓi wayar ya kashe, ya tambaye ni ko ya goge ta gaba ɗaya. Na ce ya bari tukuna.

Jiya muka fita yawo, don zaman ɗakin ya fi ƙarfinmu. Ba mu da inda muka nufa. Muka bi lungu muka ɓulla wani, muka ɓata sau uku, ya ƙi tambaya irin na maza. A kan wani benci gaban shagon masu ɗinkin labule ya gaya min wani abu. Ya ce shekarun nan duka, in ya dawo daga aiki, yakan zauna cikin mota a ƙofar gida minti ashirin kafin ya shigo, don ba ya son shiga. Ya ce abin yana cin sa, yana ganin ya ci amanata. Na ce masa na sani, ta tagar kicin nake hangen sa kullum. Ya tambaya me ya sa ban taɓa magana ba. Na ce don ba haushi nake ji ba, kishin motar nake, ni ma da ina da ita da na zauna awa ɗaya.

Ya yi dariya har ya share ido. Ni ban yi ba, amma na ji wani abu ya ɗan motsa a ƙirjina, kamar ƙafar da ta yi sanyi in an fara taka ta.

Ya sake tambayata maganar zuwa wurinki. Na ce masa ban sani ba, kuma gaskiyata ke nan. Amma na ce ba na son a yanke komai a satin nan. Ya ce ya yarda.

Muka dawo da la'asar, ƙafafuna sun kumbura, takalmin ya ci min dunduniya. Na hau matakalar da ƙyar. Ina zama ya je ya ari roba wurin dattijuwar, ya tara ruwan ɗumi, ya durƙusa ya sa ƙafafuna a ciki. Ya iya, kin san ya iya, shi yake yi wa Mama duk ranar da ba ya aiki. Na ce ya bari zan yi da kaina. Ya ce in zauna kawai.

Auta, ban san inda zan sa hannuwana ba. Na ɗora su a cinya, na sauke, na kama bakin gado. Suna ta neman tawul, suna neman abin da za su miƙa. Ya ɗago ya gan ni, ya kama su ya ɗora a kan kafaɗunsa, ya ci gaba da abin da yake yi. Na bar su a nan har ruwan ya huce.

Yau da safe ya sauka nemo min filasta. Dunduniyar tana zafi sosai, ina jin ta har yanzu da nake rubutun nan. Dattijuwar ta ce ɗakin babu kowa har ƙarshen mako. Na ce mata za mu ƙara kwana ɗaya. Ban gaya masa ba tukuna, ga shi nan ina jin takunsa, ya tsaya hutawa a hawa na uku.

Ki shafa min kan yara.

Yayarki mai ƙaunarki,
Doguwa