Agwagin Tafki Sun San Auta

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya ƙafar taka? Ina fata shafa maganin kake yi, ba ajiye shi kake a taga yana shan rana ba. Kajina fa? A watsa musu tsaba da safe, ba sai rana ta take ba.

Na iso lafiya. Auta ya tarye ni a tasha, na ga ya ɗan faɗa, ya ce aiki ne. Garin nan kuwa, Maigida, tsada sai ka riƙe baki! Ruwan sha saye, ajiye mota biya, har bayan gida na tasha akwai mai miƙo hannu a ƙofa. Amma abin da ya ɗaure mini kai, tun da na zo kullum sai an fita da ni yawo, kuma ban ga an ciro ko sisi ba. An kai ni gidan tarihi, wai ranar ba a biyan kuɗin shiga. An kai ni ɗakin karatu inda wata mata ke karanta wa yara labari, jikanka ya zauna baki sake. Jiya kan gada aka hau da ni mu kalli jiragen ƙasa. Jirgin da ya kawo ni, shi aka kai ni kallo!

Ka san ni da kyauta, ba ta kwanta mini a rai. A gidan tarihin na ƙanƙame jakata ina jiran a tare mu a ƙofar fita a ce kawo, ba wanda ya ko kalle mu. To na gano bakin zaren, aikin matar Auta ne. Ita ke lalubo wuraren a wayarta, ita ke ƙunsa mana abinci mu baje a kan ciyawa muna ci, ga gidajen abinci reras a bakin titi. Rowa ce tsagwaronta, wato uwar miji ba ta kai a kashe mata ba. Ni dai idona biyu.

Ka gaida mutanen gida.

Taka,
Mai Kaji

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da ka ce ƙafar ta yi sauƙi. Maganar ɗan ƙanenka da kake so Auta ya sama wa aiki a ofishinsu, ka dakata tukuna, hankalina ba a kwance yake ba.

Yaron nan ya ce hutu ya ɗauka saboda ni. To wane irin babban ma'aikaci ne wayarsa ba ta ƙara ko sau ɗaya? Kuma mutumin da ya ce daga gida sai ofis, ya aka yi ya san kowane lungu na wuraren nan? Ya san famfon da ruwansa ke da sanyi a lambun gari. Ya san bencin da inuwa ba ta barinsa. Mai gadin ɗakin karatu ya ɗaga masa hannu kamar sun yi makaranta tare, shi kuwa ya kau da kai.

Duk wannan na ce ko zargina ne ya yi yawa, kamar yadda ka saba cewa. Sai yau da muka je tafkin da ke cikin lambun. Mutane cike, yara na ta jifan agwagi da burodi. Wallahi Maigida, Auta na doso bakin ruwan agwagin nan suka bar masu ba su abinci, suka fito a guje suna ihu suka kewaye shi, wata har tana jan ƙafar wandonsa. Jikanka ya yi ta tsalle wai babansa sarkin agwagi ne. Auta ya yi dariyar yaƙe ya ce farin jini ne.

Farin jinin me? Ni za a gaya wa tsuntsu? Ko kai da kake kwana gida ɗaya da kajina ba sa bin ka haka. Tsuntsu ba ya rugawa gun baƙo, sai wanda ya saba ba shi kullum, kuma ya daɗe yana yi. Yaron nan ba shi da aiki, a bencin nan yake wuni. Abin da ban sani ba, ko matarsa ta sani, kuma tsoron abin da za ta yi in ta ji ya hana ni sakewa.

Kada ka kira shi, na san bakinka.

Taka,
Mai Kaji

Zuwa ga Maigida,

Ina gaisuwa, ina kuma roƙon ka zauna kafin ka karanta.

Auta ya ce hutunsa ya ƙare. Da safe ya sha wanka, ya goge takalmi. Na leƙa kicin sai na tarar da matarsa tana shirya masa jaka. Ta sa abincinsa na rana, sannan ta tattara busasshen burodi ta ɗaure a wata leda daban ta cusa a gefe. Muka haɗa ido. Na tambaye ta ko a ofis ɗin ma kiwo ake yi. Sai hawaye shar a idonta.

Ashe ta daɗe da sani. Kamfaninsu ya rage ma'aikata tun kafin in zo, har da Auta, shi kuwa ya kasa faɗa mata. Ta gane ne da ya riƙa dawowa da laka a takalmi da gashin tsuntsu a wando. Da ta ga yana ramewa ta fahimci abincinsa yake raba wa agwagin, shi ya sa take ware musu nasu don ya ci nasa. Wuraren kyautar nan kuma ta nemo su ne don ya zaga da uwarsa kansa a sama. Ita ce na kira marowaciya a wasiƙata ta farko. Ka yaga wasiƙar, don Allah, kunya ta ishe ni.

Da hantsi na sa mayafina na nufi tafkin ni kaɗai. Yana nan a bencinsa, jaka a cinya, yana duba tallan aiki a waya. Na zauna kusa da shi na ce agwagi sun gaya mini komai. Maigida, ɗanka ya kifa kai a kafaɗata ya yi kuka irin wanda rabonsa da yi tun yana firamare. Da ya natsu, abu ɗaya ya roƙe ni, wai kada in gaya wa matarsa, zuciyarta ba za ta ɗauka ba.

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, hawaye na zuba. Ɗanka ne sak, kai ma sai abu ya taka ka kake ganinsa. Na zaro ledar burodin daga jakarsa na ɗora masa a hannu, na ce ya gaya mini wane ma'aikacin ofis ake ƙunsa wa wannan kowace safiya. Ya kalli ledar, sai a lokacin ya gane matarsa ta sani. Sannan ya miƙe, ya zazzage wa agwagin duka, ya ce mu tafi gida.

Yanzu haka suna ɗaki su biyu, ni da jikanka muna falo na ƙure ƙarar talabijin. In ya kira ka, ka sa masa albarka kawai, ita ma ka sa mata.

Taka har kullum,
Mai Kaji