Tankin Jirgin Baba Ba Zai Zama Tukunya Ba

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Iro.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ɗanka ne Tanimu daga Alƙahira. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake, amma za ta isa inda Yaya Sabo yake, hakan ma ya wadatar.

Baba, Yaya Sabo ya yi wa tankinka ciniki. Masu narka alminiyam sun shigo gida sun ƙwanƙwasa shi, sun ce zai ba da tukwane masu kyau. Shi kuma ya ce tarkace ne, ya tare tsakar gida, ɗaki yake son ginawa a wurin.

Kai ka gaya mana tankin mai ne na jirgin yaƙi, wanda ake ratayawa a ƙarƙashin fiffike. Lokacin yaƙin basasa kana lebura a filin jirgin Kano, kana goge jiragen da Misirawa ke tuƙawa. Tankin ya lotsa, aka ce a yar, ka turo shi gida a amalanke. Inna ta riƙa tara ruwan sama a ciki, mu kuwa mu haye bayansa mu tafi Makka kafin a sauke tuwo. In ka zo wucewa sai ka bubbuga shi ka ce, "Wannan ta sama ya ga gajimare, ku ta ƙasa kuke gani."

Kwanan baya wani Alhaji da nake yi wa tafinta a asibiti ya ce zaman ɗaki ya ishe shi. Na kai shi Kal'a, tsohuwar ganuwar nan ta kan dutse, inda sojoji suka jera tsofaffin makamansu a fili. Ga jiragen yaƙi an shafe su da fenti, an kewaye, soja yana gadi, mutane na yankar tikiti don kallo kawai. Ka san halina, idona sikeli ne. Ina kallo ina auna nauyin ƙarfen a zuci, har na sunkuya na leƙa ƙarƙashin fiffiken ɗaya. Sai ga tanki irin naka sak, har murfin. Daga nan ban sake auna komai ba.

Kada a ce Misirawa ba su san kasuwa ba. Mutanen da ko busasshen burodi ba sa zubarwa, kullum mai keken gwangwan yana bin layinmu a unguwar Faisal yana sayen tsohon ƙarfe. Amma jirginsu sun ɗora shi kan ginshiƙi a bakin titi, hanci sama. Mu kuwa komai ya tsufa sai mu ga tukunya.

Don haka na je unguwar Darrasa wurin ɗalibanmu masu karatun ilimin rabon gado. Sun tabbatar min abin da ba a raba ba, ba a sayar da shi sai kowane magaji ya yarda. To, ni ban yarda ba. Na ce wa Yaya ya ɗauki ɗakina na kusa da zaure, na bar masa halak malak, inda tankin yake zaune shi ne rabona. Ya ce Masar ta taɓa min kai. Ma'alish, in ji Misirawa, wato ba komai. Ni da na sayar da takalmin ƙafata a kasuwar Wambai na koma gida da silifas, yau ga abin da ba shi da farashi a wurina.

A cikin motar haya a nan Alƙahira labarin rasuwarka ya same ni, Baba. Ban ga fuskarka ba, ban ɗauki makara ba. In na dawo, ina so in tarar da abu ɗaya da tafin hannunka ya saba da shi, in ɗora nawa.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi, ya haɗa mu a gidan da ba a rabon gado. Yaya Sabo kuma Allah ya ba shi haƙuri, don tanki dai yana nan inda ka ajiye shi.

Ɗanka mai taurin kai,
Tanimu