Surukata ta hana ni faɗa wa likita gaskiya

Anti, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Mijina mai walda ne, shekara huɗu ke nan yana fama da ciwon ciki mai sukarsa har gadon baya. In ya taso masa, durƙusawa yake a bakin gado ya rungume matashi yana haɗa gumi. Ya rame, har sai da na ƙara wa bel ɗinsa huda biyu da ƙusa. Likita ya ce wata gaɓa ce a bayan tumbi, wai fankiriyas, ta daɗe a kumbure har ta fara lalacewa.

Da ya tambaya ko akwai mai irin ciwon a dangi, kafin in buɗe baki surukata ta take min ƙafa, ta ce babu. Anti, wallahi akwai! Shi ya yi ajalin mahaifin mijina da yayansa. Tsoronta kada a ce gidan masu ciwon gado ne, manema su guji 'ya'yanta mata. Sai likita ya koma tambayar mijina ko yana shan giya, bawan Allahn da ko warinta ba ya so. Taba dai kam, kamar salansar mota.

Yanzu 'yata mai shekara takwas ta fara durƙuson ubanta in ta ci abu mai maiƙo, kakarta na cewa tsutsar ciki ce. Tsoro nake ji. In na yi magana na tona asirin gidan miji.

Matar mai walda

'Yar'uwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban ga laifin tsoron surukarki ba, mace ce da ta rasa miji da ɗa, kuma bakin mutane ba linzami. Amma faɗa wa likita ba tallar asiri ba ce, aikinsa ya haɗa da riƙe sirri.

Ciwon nan giya na kawo shi, taba na ƙara rura shi, wasu kuma gadonsa suke yi tun suna yara ba tare da sun taɓa ko ɗaya ba. Ba kowane ɗa ke gada ba, gwaji ne zai nuna.

Ki fara da mijinki, ai uban yarinyar ne. Ku kai yarinyar asibiti a makon nan, ku lissafa wa likita duk wanda ya yi ciwon. Shi kuma maigida ya yar da taba yau, ba gobe ba. Surukarki za ta yi fushi, za ta kuma huce. Abin da ya lalace a cikin yarinyar nan ba ya dawowa.

Allah ya ba su lafiya, ke kuma ya ƙarfafa miki zuciya.